Mazarin Goggo Marka

Saura kwata shida, ɗakin fassara,
fanka na juyi, ba ta ba da iska.
Takarda ta iso da kalmar Nasara,
harafi huɗu, 'yar guntuwa kamar ƙaya.
Na buɗe ƙamus, sai ya ba ni da yawa.

Ya ce kaɗi ne, ya ce juyi ne,
ya ce rawar da katantanwa ke yi
in yaro ya murza ta a daɓe,
ya ce hajijiya, ya ce ɗan zagaye
da mota, ba don kana da wurin zuwa.
Can ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe:
a murɗa labari har ya yi santsi,
mai ji ya haɗiye ba taunawa.

Na ce, ai mu ma ba a bar mu a baya ba.
Iska ta kaɗa, makaɗi ya kaɗa,
uwa ta kaɗa nono, ɗa ya kaɗa shanu,
an kaɗa kuka, an kaɗa ƙuri'a,
hantar mai cin bashi ta kaɗa da jin sallama.
Amma kaɗin da na fara buɗe ido a kai
na Goggo Marka ne, a Rafindadi,
in la'asar ta yi sanyi, inuwa ta matso gindin durumi,
kaji sun fara neman wurin kwantawa.

Ta gurje auduga, angurya na zuba,
ta shiɓe ta har ta koma gajimare,
ta dangwali alli, ta murza mazari,
ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin 'yar tasa
yana gurnani kamar ƙudan zuma a tulu.
Abawa ta masaƙan Masanawa ce,
arafiya kuwa sai wanda ya biya tun kaka.
Ni aikina tsince angurya,
ladana ƙanzo da ɗan man gyaɗa,
da rankwashi in na cika taɓawa.

Ta ce, «Ka murza da yawa ya tsinke,
ka yi sako-sako ya warware.
Zare ba ya ƙara ko sili daga aljihunsa,
abin da hagu ta riƙe, shi dama ke naɗewa.»

«Shida ta kusa!» Malam Mannir ne a ƙofa.
Labari na uku: burtsatsen unguwa ya ƙafe
wata biyu da yanka zaren buɗewa.
Ya ce, «Kada ka ce ya ƙafe.
Ka ce ana yi masa garambawul.»
Na dangwali yawu, na juya shafi.
Na murza, na ja, na sassauta,
ya fito sumul, babu ƙulli ko ɗaya,
arafiya ce, wallahi, ta kai a saka riga.
Na karanta da muryar da ake yabawa.

Na biyo ta Ƙofar Marusa a kan babur,
jarkoki sun yi layi kamar masu gaisuwa.
Wani tsoho zaune kan tasa jarkar,
rediyo manne da kunne, ya bi ni da kallo.
Bai san ni ba. Murya ba ta da fuska.
Tayar gaba na juyi, kaina na tayawa.

Da dare na sauko da tsohuwar kwalla.
Yana nan, dunƙulen yumɓunsa ya ɗan tsage,
da ragowar zaren da ba ta ƙarasa ba
ranar da zazzaɓi ya karɓe mata hannu.
Na ciro auduga a bakin matashi,
na murza, ya faɗi. Na murza, ya tsinke.
Hajjo na leƙe ta bayan labule,
ta ce, «Baba, ashe ba ka iya kaɗi ba.»
Na ce, «Ɗauko mini alli a jakarki.»
Ta ce ai su yanzu da maka ake rubutawa.